Amsa: Sabon masai ba ya kora da ƙarfi

Malam, ka ce an saka maka sabon masai na zama a gidanka nan Sakkwato, amma ruwan ba ya kora da ƙarfi. Kafin ka kira mai gyaran famfo, cika bokiti ka juye a cikin masan gaba ɗaya lokaci guda.

Idan komai ya wuce fes, matsalar tana ƙaramin tankin baya. Buɗe murfinsa ka duba: ruwa ya kamata ya tsaya kamar santimita 2 ƙasa da bakin bututun tsakiya. In bai kai ba, gyara saitin ƙwallon da ke yawo a kan ruwan ya ƙara sama, domin tankin ya ƙara cika. Sannan ka tsokane ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin leɓen masan da waya, domin ɓurɓushin siminti da yashin ruwan burtsatse kan toshe su.

Idan kuwa ruwan ya taso yana sauka a hankali, to bututun da ke zuwa sokawe ne. Ko ba a ba shi gangare sosai ba, ko siminti ya faɗa ciki lokacin aiki, ko an manta bututun iska. Wannan kam wanda ya yi aikin ya dawo ya gyara, kada ka biya wani. Don Allah kada ka zuba asid, yana cin robobin haɗi.