An janye ƙarar wanda ya fasa mini shago, shi ke nan ya sha?

Tambaya: Barista, an fasa shagona an kwashe atamfofi. Aka kama mutum ɗaya aka kai shi kotu. A zama na huɗu mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce sun janye tuhuma, alƙali ya sallame shi, ko tambayata ba a yi ba. Ga shi nan yana yawonsa a unguwa. Magana ta mutu ke nan? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na san abin da ciwo, amma a shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara, ke shaida ce, shi ya sa ba a nemi yardarki ba. Sashe na 211 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙara, ko karɓe ta daga hannun wani, ko dakatar da ita kafin hukunci. Na tarayya kuma sashe na 174 ne ya ba shi, kuma da wannan ikon ne Antoni Janar na tarayya a lokacin, Lateef Fagbemi, ya karɓe shari'ar yaran zanga-zangar tsadar rayuwa daga 'yan sanda a Nuwamban 2024, bayan wasunsu sun yanke jiki sun faɗi a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ya janye ta. Can ikon ya yi rana. Abin da ke damuna shi ne faɗinsa, domin tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce ba aikin alƙali ba ne ya tsare Antoni Janar da tambayar dalili.

Sai dai sallama daban, wankewa daban. A sashe na 108 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 (Kano ta yi tata a 2019), idan aka janye kafin a kira wanda ake tuhuma ya kare kansa, yawanci sallama ce kawai, ana iya sake gurfanar da shi. Idan an riga an kira shi, to an wanke shi, kuma sashe na 36(9) na tsarin mulki ya hana a sake yi masa shari'a kan laifin.

Don haka ki je wajen magatakardan kotun ki nemi kwafin abin da alƙali ya rubuta ranar, mai hatimi. In sallama ce, ki rubuta koke zuwa ga Kwamishinan Shari'a, wato Antoni Janar na jiha, ki haɗa da rasitan kayan da sunayen shaidun da suka yarda za su zo, domin rashin zuwan shaidu na cikin abin da ya fi kashe irin wannan ƙara. Ko an wanke shi ma, kina iya shigar da ƙarar neman diyyar kayanki da sunanki, wannan mai gabatar da ƙara ba shi da ikon janye ta.