Kar ka riƙa ranta wa ofis albashinka

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, na karanta saƙonka tun jiya da dare, amma na bari sai da na samu natsuwa, don maganar ta taɓa ni. Ka ce wurin aikinka a nan Kaduna suna tura ka Abuja da Kano kusan duk bayan mako biyu, su ce ka yi da kuɗinka in ka dawo a biya ka. Yanzu kuɗin tafiya uku kake bin su, an shiga wata na huɗu, kuma kana tsoron ka yi magana a ce ka cika ƙorafi, ko ma a sallame ka. Tambayarka ita ce: ka ci gaba da haƙuri, ko ka ƙi tafiyar?

Ni dai ba zan ce ka ƙi tafiya ba, ba kuma zan ce ka yi shiru ba. Na shekara goma sha uku ina irin wannan zirga-zirgar a wani kamfani da ba sai na kama suna ba, kuma abin da na daɗe ban gane ba shi ne, duk ranar da na zaro kuɗi daga aljihuna na shiga mota saboda aikin ofis, rance na ba su. Rance ne babu takarda, babu shaida, babu ranar biya. Mai ƙaramin albashi ke ranta wa mai kamfani, alhali a gida an ɗage sayen buhun masara ko kuɗin makarantar yara. Da sunan nan nake so ka fara kiran abin a zuciyarka, don in ka ɗauke shi alfarma ce za su yi maka, da kunya za ka je karɓar haƙƙinka.

Kuma kuɗin da za a biya ka bayan wata huɗu ba shi ne wanda ka kashe ba. Ka tuna 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota a tashar Kawo da ta Mando ya bi ta a guje. Mu kuwa a wurinmu, takardar da ke ɗauke da kuɗin mota da kuɗin kwana ba a taɓa ta ba sai bayan fiye da shekara. Kowace tafiya sai ka cika daga naka, wanda ka cika ɗin kuma ba ya cikin lissafi.

Sai maganar rasit, wadda ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Akanta zai ce babu rasit babu biya, kuma a bisa ƙa'idarsa gaskiya ya faɗa. To amma wa ke samun rasit? Oga ya sauka a babban otal, an buga masa takarda da hatimi. Ya ci abinci a wurin, an haɗa masa a ciki. Kai kuma daga gida ka hau Keke Napep zuwa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ka sauka a tashar Idu ko ta Kubwa a Abuja ka yi cinikin tasi zuwa cikin gari, ka sha shayi da burodi a bakin titi, da dare ka sayi shinkafa da wake. Wane mai shayi ne zai ba ka rasit? Wane ɗan acaɓa? Ka ga ke nan ƙa'ida ɗaya ce aka shimfiɗa wa kowa, amma babba ya samu kuɗinsa cif, ƙarami ya tashi da rabi. Ba sai wani ya yi niyyar cutar ka ba, tsarin da kansa yake cutar ka. Maganinsa shi ne a yanke kuɗin kwana tsayayye, kaza a kowane dare, a ba ka kafin ka tashi, ba tare da an ce ka kawo rasit ɗin abin da ka ci ba. Ma'aikatan gwamnati suna da irin wannan alawus na tafiyar aiki gwargwadon matakin albashi, don haka ba wani baƙon abu kake nema ba.

Bari in ba ka labarin da ya sauya min tunani. Wata shekara cikin hunturu muka je Abuja taro, ni da manajanmu da direba, wani dattijo da ya kai sa'an babban yayana. Manaja ya wuce otal ɗinsa, ni aka kama min ɗaki a wani ƙaramin masauki, ban ko tambayi inda direba zai kwana ba. Da asuba na fito neman masallaci, sai na hango motarmu a gefen katanga, gilashi duk raɓa. Ga Baba ya kwantar da kujera, ya lulluɓa da darduma, hularsa a kan sitiyari. Ya fito yana ɗingishi saboda ƙafarsa ta yi tsami, ya fasa ledar ruwa biyu ya yi alwala a bakin kwata. Na ce, "Baba, a nan ka kwana?" Ya ce, "Ai kullum a nan nake kwana, ɗana. Abin da ake ba ni ko ɗakin kwana ɗaya ba zai kama ba, gara in kai wa yara." Mutumin nan shi zai tuƙa mu mu bi ta Zuba, Tafa, Jere, Katari har gida, a hanyar da aka shekara da shekaru ana gyara, ga ramuka ga manyan motoci. Rayukanmu ne a hannun wanda sauro da sanyi suka hana barci. Na shekara biyar ina kukan nawa kuɗin, ban taɓa waiwayawa na ga wanda ke ƙasa da ni ba.

Shi ya sa nake ce maka kar ka tafi kai kaɗai. Ka duba ofishinku, na tabbata akwai direba ko masinja ko wata 'yar'uwa da ke bin nasu kuɗin suna jin nauyin magana. Mu abin da muka yi ke nan, mu shida muka rubuta takarda ɗaya cikin ladabi, babu zagi babu barazana. Muka jera kowace tafiya da ranarta da wanda ya tura mu da abin da aka kashe. Muka roƙi abu uku: a biya na baya, a riƙa ba da kuɗin tafiya kafin a tashi, a kuma sa kuɗin ɗakin direba a cikin kasafin kowace tafiya. Ba a amsa nan take ba, an ɗauki makonni, an ɗan ɗaure mana fuska. Amma an biya, kuma daga lokacin Baba bai sake kwana a mota ba. Mutum ɗaya ana iya ce masa mai tsaurin ido, mutum shida kuwa dole a zauna a duba takardarsu.

Akwai abin da ya fi kuɗin mota girma, kuma ban ga ka ambace shi ba. Wa ya san ofis ne ya aike ka? Mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana bayanin hanyar Abuja ba. Tun da aka buɗe layin dogo a Yulin 2016 jama'a suka koma jirgi saboda masu garkuwa da mutane a wajajen Rijana, sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an kai wa jirgin kansa hari, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin ma bai dawo aiki ba sai Disamba. A watannin nan ba a daina tura ƙananan ma'aikata ta mota ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba. Amma in wani abu ya same ka a hanya, kuma da baki aka ce ka tafi, da me iyalinka za su kafa hujja? Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da diyyar ma'aikata, don a biya wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Dokar ta ce a sanar da wurin aiki cikin kwana 14 da faruwar abin. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce wuraren aikin da ta shafa su yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ka tambayi ofishinku ko suna yin waɗannan. Sannan daga yau, ko da baki oga ya ce ka shirya gobe, ka tura masa saƙo ta waya ko WhatsApp: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta, gobe zan tafi Abuja kan aiki kaza, zan dawo ranar kaza." Ka adana amsarsa, ka kuma tura wa iyalinka ko wani ɗan'uwa.

Na san tsoronka, kuma ba zan raina shi ba. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri suka rufe, magidanta suka koma zaman gida, ya san aiki a garin nan ba abin wasa ba ne. Wasu za su ce maka ka gode wa Allah da kake da abin yi. Ka gode, ƙwarai kuwa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, kai kuwa ba ma lada kake bi ba, kuɗinka ne da ka fitar. Neman sa ba butulci ba ne.

Game da tafiya ta gaba, kar ka ce "ba zan je ba". Ka ce, "A shirye nake in tafi, amma wallahi ba ni da abin da zan yi kuɗin mota, nawa na baya suna wurin akanta." Gaskiya ka faɗa, kuma ka mayar musu da nauyin inda ya dace. Ka faɗa da wuri, kwana biyu kafin ranar, ba da safen tafiya ba, don kar a ce ka ɓata aiki da gangan. In sun ba ka kuɗin a hannu, ka rubuta duk abin da ka kashe a ƙaramin littafi, har na Keke Napep da ruwan sha, ka kai lissafin washegarin dawowarka, canjin da ya rage ko naira ɗari ce ka mayar, ka sa kashiya ya sa maka hannu a naka kwafin.

Kafin ka rubuta komai, gobe in ka je ofis ka fara samun direbanku a inda yake zama, ka tambaye shi inda yake kwana in kun yi tafiya da kuma nawa yake bin su. In kun haɗa takardar, turo min in duba muku kafin ku miƙa.