Tambaya da Amsa: Esin motata ya daina sanyi, in sake ƙara gas ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya fama da zafi. Ni dai Corolla gare ni ta 2006 'yar Kwatano, tun da aka shiga watan Maris esin ya fara min wasa, in na hau titin Zariya ina gudu sai ya yi sanyi har sai na rage shi, amma da na shigo gari na faɗa gosulo ko danja ta tsayar da ni sai iska mai ɗumi ta fara fitowa kamar ba a kunna komai ba. Na kai wa mai esi ya ce gas ne ya yi ƙasa ya ƙara min, ya ɗan yi dama-dama sati biyu ya koma yadda yake, na sake kaiwa ya sake ƙarawa, yanzu kuma wai kwamfuresa ce ta mutu in kawo kuɗi a je Ƙofar Ruwa a sayo wata. Don Allah a ba ni shawara kafin in yi asara. Daga mai karatunku a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, zafi kam sai haƙuri. Kar ka ba da kuɗin kwamfuresa (famfon da ke matsa gas yana zagayawa da shi) tukuna, don a wasiƙar taka na ga alamu biyu kuma babu wadda kai tsaye take cewa ta mutu.

Mu fara da zancen gudu da tsayuwa. In ka ɗaga banet ka leƙa gaba da lagireto za ka ga wani abu mai kama da shi amma siriri, ita ce kwandensa, aikinta ta fitar da zafin da gas ya kwaso daga cikin mota, kuma ba ta iya wannan aikin sai iska na ratsa ta. In kana gudu iskar hanya na yi mata aikin kyauta. In ka tsaya kuwa sai fanka, to in fankar ta gaji ko ba ta tashi sam, ko ƙurar hunturu da ta wuce ta toshe ramukan kwandensar ga ledar fiya wata ta maƙale a tsakaninta da lagireto, shi ke nan sanyi ya tafi. Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. Ka tsaya a gida da rana, ka kunna mota ka sa esi a ƙarshe, ka leƙa ka ga ko fankar na juyawa da ƙarfi (wasu motocin ɗaya ce wasu biyu), ka dai yi nesa da hannunka da bakin rigarka. Sannan ka sa yaro ya zauna a ciki ya ɗora hannu a wajen fitar iska, kai kuma ka ɗauko buta ka riƙa zuba ruwa a jikin kwandensar ta gaba. In cikin minti ɗaya ko biyu yaron ya ce Baba sanyi ya zo, to matsalarka ta iska ce, kwamfuresa na aikinta. In ruwan bai canza komai ba amma da ka taka totur allurar juyin inji ta kai 1500 ko 2000 sai sanyi ya zo kana tsaye, nan ne za a fara zargin ƙarancin gas ko kwamfuresar da ta fara gajiya.

Alama ta biyu ita ce ta fi damuna, wato sati biyun nan. Mutanenmu sun ɗauka gas ɗin esi kamar fetur ne, ana ƙona shi ya ƙare a sake sha. Ba haka ba ne wallahi. A rufe yake yana zagayawa cikin fayif, mota mai lafiya sai ta yi shekaru ba a taɓa shi ba. In aka ƙara maka ya yi sanyi sannan ya gudu cikin sati biyu, akwai inda yake yoyo, kuma duk ƙarin da za a yi maka zuba ruwa ne a kwando. Gano wajen ma ba wuya sau da yawa, saboda gas ɗin tare yake tafiya da man kwamfuresa, duk inda ya fita sai ya bar maiƙo, ƙura kuma ta zo ta manne ta yi baƙi. Ka bi fayif-fayif ɗin da ido, mahaɗarsu, bakin da ake ɗura gas, gaban kwamfuresa, musamman ita kwandensar don ita ke karɓar duk tsakuwar da tirela ta watso maka a hanya. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai ɗura iskar naitirojin ya bi da ruwan omo yana neman kumfa, ko ya sa kalar nan mai haske da ake dubawa da tocila ta musamman. Amma in ka ga ya aika a ɗauko tukunyar oksijin ta masu walda zai gwada da ita, ja motarka ka gudu, oksijin da mai in suka haɗu a matse fashewa suke yi.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya a kai ka gani da idonka, kar ka tafi shan shayi. A jona geji mai agogo biyu, shuɗi na gefen da ƙarfin gas yake ƙasa, ja na gefen da yake sama. Motar Toyota irin taka in injin na wajen 1500, shuɗin yakan zauna tsakanin 25 da 40 a ma'aunin psi, jan kuma wajen 200 zuwa 250, in zafin ranar Kano ya kai digiri 40 yakan ɗan haura. In duka biyun sun yi ƙasa, gas ne ya yi kaɗan. In duka sun yi sama, ko fanka da kwandensa ne ko an cika gas ya wuce kima, kuma ina zargin wannan ma a wajenka tunda sau biyu aka ɗura maka da ka, gas in ya yi yawa shi ma hana sanyi yake yi har na'urar kariya ta riƙa kashe kwamfuresa. In shuɗin ya faɗi ƙasa sosai har ya kusa sifili, wani waje ya toshe, galibi ɗan bawul ɗin da ke fesa gas. Kwamfuresa mai mutuwa kuwa alamarta daban ce, shuɗi ya yi sama ja ya yi ƙasa, allurorin biyu suna neman haɗuwa. In bai nuna maka wannan ba to da me ya san ta mutu?

Bayan an toshe yoyon, a zuƙe iskar ciki da injin bakyum aƙalla minti 30, a canza diraya (abin da ke tsotse danshin cikin layin gas) tunda an buɗe layin, sannan a ɗura gas da sikeli. Akwai sitika a ƙarƙashin banet da ta rubuta irin gas ɗin da giram nawa motar ke ci, ƙananan motoci irin taka wajen rabin kilo ne. Naka R134a ne, shi ne a kusan duk motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990, sababbi na 'yan shekarun nan kuma da yawa sun koma R1234yf. Ka karanta jikin gwangwanin da kanka. R22 na esin ɗaki ne, ƙarfinsa ya fi na mota zai kashe maka kwamfuresar da gaske, R600a kuma na firji ne yana kama wuta.

Tambaya: Malam barka da aiki. Tawa Sienna ce, in muka tashi daga Kaduna za mu Abuja sanyi lafiya lau, amma kafin mu kai Jere sai iskar ta riƙa raguwa, kana jin fanka na ƙara a ciki amma ba abin da ke fitowa, in direba ya kashe esin kamar minti goma sai ya dawo garau, in mun tsaya kuma ruwa ya yi ta zuba a ƙasan motar. Ga wani wari kamar na tsumman da bai bushe ba. Maigidan ya ce gas ne. Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya barka kadai, a gaida maigida amma wannan karon ana zaton wuta a maƙera ne. Esinku sanyi yake yi har ya wuce gona da iri. A cikin dasbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto da ake kira ebaforeta, nan sanyin yake, iska ke ratsa shi ta fito muku. Abin da ke faruwa ƙanƙara ce ke daskarewa a jikinsa ta toshe hanyar iskar, da an kashe ta narke, shi ne ruwan da kike gani.

Ki sa a fara da abu mai araha. A buɗe akwatin gaban kujerar mai zaman banza a sauke shi, a bayansa akwai filtar iskar ciki, zaro ta ake yi kamar durowa. Na sha ganin wadda aka zaro ta zama kamar tabarmar da aka binne, ƙura da ganyen darbejiya har da kashin ɓera, mai motar ma bai san akwai ta ba. In ta toshe iska ba ta ratsawa sosai sai ƙanƙara ta samu wajen zama, warin ma galibi daga nan ne da danshin da ke kwana a ciki. A ƙasarmu ni dai shawarata a canza ta duk bayan hunturu. In an canza abin bai daina ba, a duba ɗan sensan da ke jikin ebaforeta, shi ke kashe kwamfuresa in sanyi ya kusa kai wa daskarewa. Ki tambayi direba ko an taɓa kai motar wajen rewaya ya yi wa esin dairek, don wasu in sensan ya lalace sai su tsallake shi su ce ai yanzu zai fi sanyi. Ƙarancin gas ma na iya kawo ƙanƙarar, to maigida bai faɗi gaba ɗaya ba, amma shi ne na ƙarshe da za a duba, da geji.

Tambaya: Oga fitilar maɓallin esin Camry ɗina ce ke ƙiftawa, sanyi ya ɗauke. Daga wani direba a Sakkwato.

Amsa: A Toyota in fitilar nan na ƙiftawa motar na gaya maka ne ta ba kwamfuresa umarni amma ba ta juya daidai da injin ba. Ka fara duba bel ko ya saki ko ya jiƙe da mai. In lafiya yake, buɗe akwatin fiyus na cikin banet ka nemi rilen da aka rubuta wa MG CLT a murfin, ka musanya shi da na hon in girmansu da ƙafafunsu iri ɗaya ne, ka tada mota ka kunna esi ka saurara. In ka ji ƙas a wajen kwamfuresa kuma tsakiyarta ta fara juyawa tare da bel, rilen ne, ka sayi sabo ka mayar wa hon nasa kafin ka hau titi. In shiru, sai a auna wutar da ke zuwa kulocin kwamfuresar (shi ke haɗa ta da bel) da tazarar da ke tsakaninsa da fule, wato faifan da bel ke juyawa, don in ya cinye yakan kama da safe ya saki in injin ya yi zafi.