Kallon murjani a Bahar Maliya

Tambaya: Bayan Umara za mu shiga jirgin ruwa a Jidda don kallon murjani a cikin teku, muna sanye da tabarau na ruwa (mai rufe ido da hanci) da bututun numfashi. Ban iya iyo ba. Zai yiwu?
Mai karatu, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Zai yiwu, Alhaji, muddin ka sa rigar hana nutsewa kuma ka sanar da jagora. Ɗora tabarau a fuska ba tare da igiyarsa ba, ka ja iska ta hanci. In ya manne, ya yi daidai. Gashin baki kan sa ruwa shiga, sai ka rage shi. Ruwa ya shiga bututu? Hura da ƙarfi. Sha maganin jiri awa 1 kafin tashi. Kada ka taɓa murjani, halitta ce mai rai, kuma in ya yanke ka, raunin ba ya saurin warkewa.