Amsa: Ma'anar babbar lamba a fitowar Linux

Malam, ka tambaya ko tashin lambar Linux, wato tushen manhajar da ke sarrafa kwamfuta, daga 5.19 zuwa 6.0 a 2022 yana nufin an sake gina shi daga tushe. Ko kusa ba haka ba ne. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, yakan sauya babbar lambar (ta farko) idan ƙaramar (mai bin ta) ta yi yawa, kuma ko a 2011 da ya tsallaka daga 2.6.39 zuwa 3.0, babu wani gagarumin sauyi da ya biyo baya. Inda nake roƙonka ka yi hattara shi ne Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta da aka gina a kan Linux, domin hawa daga 11 zuwa 12 yana kawo sababbin manhajoji waɗanda za su iya ƙin karɓar tsofaffin saitunanka, saboda haka ka adana bayananka tukuna. Ubuntu 24.04 kuwa, wanda shi ma tsari ne irin Debian, Afrilun 2024 kawai lambar take nufi.