Kiwon raguna bayan ritaya

Baba, ka ce tun da ka ajiye aiki wuni yake yi maka tsawo, kana kuma tunanin zuba kuɗin sallamarka a kiwon raguna. Ka yi kiwon, amma ka fara da biyu zuwa huɗu, kada ka taɓa kuɗin da cefanen gida ya dogara da su kafin fansho ya daidaita. Ka sayo Uda ko Balami masu ƙashi da ba su riga sun yi ƙiba ba, a Kara ko kasuwar Achida da ke jihar Sakkwato, wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Sallah. Makon farko a ware su, a ba su maganin tsutsar ciki, malamin dabbobi ya yi musu rigakafi. Abinci sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar, ruwa kada ya yanke. Wannan kaɗai ya ba ka lokacin tashi da abin dubawa kullum, wanda shi ne barin ofis ya ɗauke maka.

Sharaɗin shi ne abincin, nan ribar take zurarewa. Harawar wake da ta gyaɗa da kaka ake saye a adana, domin idan rani ya yi nisa tsadarta takan cinye ribar rago. Dusa kuma a riƙa ƙara ta kaɗan-kaɗan, ragon da bai saba ba idan ya cika ciki da ita kumburi yake yi, har ya mutu. Ka kafa musu rumfa mai iska tun kafin zafin Maris zuwa Mayu.