Biskit ɗin oganik da mai ciwon suga

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana da ciwon suga. A wani kanti a Ƙofar Ƙaura na ga biskit an rubuta masa "oganik" da alamar yana ƙara lafiya, kuɗinsa ya kusa ninka na gama-gari. Tun daga nan shi nake saya masa. Na yi daidai? Daga wata uwargida a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya.

Gaskiya wannan biskit ɗin ba zai taimaki sugansa ba. Oganik labarin gona yake bayarwa: alkamar da aka noma ba a sa mata takin zamani ko maganin feshi na kemikal ba. Bai ce komai a kan sukarin da aka zuba a masana'anta ba, kuma sukarin rake na oganik yana hawar da sugan jini daidai da kowane sukari. Wani babban nazari na Jami'ar Stanford a Amurka a 2012 bai sami bambanci mai yawa a sinadaran gina jiki tsakanin abincin oganik da na gama-gari ba, sai dai ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a na oganik.

Masu kamfani sun san halinmu. Da ido ya faɗa kan kalma ɗaya mai daɗi a gaban kwali, sai zuciya ta wanke kayan gaba ɗaya, har mutum ya ƙara yawan abin da yake ci. Dubi man girki da ake rubuta wa "babu kolestarol", wato wani nau'in kitse da ke cikin jini. Ai man gyaɗar da ake matsewa a gida ma ba shi da shi, don babu man tsiro da ke ɗauke da kolestarol.

Ki juya kwalin. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, in kika ga sukari na biyu ko na uku, mayar da shi inda kika ɗauko shi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Rubutun da ya cancanci kuɗinki shi ne alamar ido ta bitamin A a jikin mai da fulawa, da aidin a gishiri, don waɗannan doka ce ta tilasta su.

Abin da ya fi damuna shi ne waken da muke auna a kwano, wanda babu rubutu a jikinsa sam. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a ajiya. In kin ji warin magani, bar shi, ki nemi wanda aka adana a buhu mai rufi uku.

Kuɗin biskit ɗin nan ki sayo zogale da wake mai kyau da su, ki kuma nuna wa likitansa abin da yake ci a zuwa na gaba.